Zuri'a huɗu, piyano ɗaya da kundi tara: Kayan gadon gidan Steinway

Duk wanda zai bar ƙasarsa ba da niyyar dawowa ba, dole ya zaɓi abin da zai shiga akwati da abin da zai bari a baya. Tsakanin shekarar 1850 da 1860, kusan Jamusawa miliyan ɗaya ne suka yi irin wannan zaɓi, suka tsallaka tekun Atlantika zuwa Amurka. A shekarar 1854 kaɗai, sama da mutum 200,000 suka sauka. Yawancinsu manoma ne da kafintoci da maƙera da teloli. A yau Amurkawa fiye da miliyan 40 ne ke cewa asalinsu Jamus, amma da yawa daga cikinsu ba sa jin Jamusanci, wasu ma ba su san sunan ƙauyen da kakanninsu suka fito ba. Akwatunan sun ruɓe, wasiƙun sun ɓata, waɗanda suka san labarin sun mutu.

Akwai gida ɗaya da bai bari hakan ta same shi ba, wato gidan Steinway, masu ƙera piyano a birnin New York. A wannan mako mun bi sawun zuri'a huɗu na wannan gida, daga kaka zuwa tattaɓa-kunne, ta hanyar kayan da suka adana: piyano biyu, tarin wasiƙu, kundi tara na rubutun hannu, da kuma sunan gidan kansa. Muna so ƙannenmu na sakandare su ga yadda masana tarihi ke karanta irin waɗannan kaya, su kuma ga abin da ake rasawa idan babu su.

Piyanon da aka ƙera a madafa

An haifi Heinrich Engelhard Steinweg a shekarar 1797 a wani ƙauye mai suna Wolfshagen, a yankin duwatsun Harz. A lokacin babu ƙasa guda mai suna Jamus. Ƙananan masarautu ne birjik, kowace da sarkinta da harajinta, kuma ba su dunƙule ba sai a 1871. Heinrich ya tashi a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, ya zama maraya tun yana ɗan shekara 15, ya shiga soja. Bayan ya bar soja sai ya koyi kafinta, daga nan ya koma gyara da ƙera kayan kiɗa a garin Seesen. Ya auri Juliane Thiemer a 1825.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin piyano ba, ga yadda yake. Akwati ne babba na katako da aka ɗaure wa tsirkiyoyin ƙarfe sama da 200 a ciki. Mai gurmi ko molo da yatsa yake taɓa tsirkiya. Shi kuwa mai piyano madanni yake dannawa, madannin ya tura wata 'yar guduma mai laushin kai ta bugi tsirkiyar. Piyanon yau yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36.

A 1836 Heinrich ya ƙera babban piyanonsa na farko a cikin madafar gidansa. Shi ya sa har gobe ake kiransa piyanon madafa. Wannan piyano yana nan bai salwanta ba, kuma shi ne mafi daraja a kayan gadon gidan. Idan aka sa shi kusa da na yau, za a ga ya fi ƙanƙanta, muryarsa ma ba ta kai ta na yanzu ƙarfi ba. A 2006 wani maƙerin piyano ɗan ƙasar Beljiyam, Chris Maene, ya auna shi gaɓa-gaɓa ya ƙera irinsa sak, domin mutane su ji yadda sautinsa yake ba tare da an wahalar da tsohon ba. Da an farfasa shi an yi makamashi, kamar yadda ya faru da dubban irinsa, da babu mai iya sanin yadda hannun Heinrich yake a aiki.

Me ya kore su daga gida?

Sana'ar Heinrich ta karɓu. A 1839 ya kai kayansa bajekolin birnin Braunschweig, aka yaba. To amma ƙasar ta yi masa ƙunci. Ƙungiyoyin masu sana'a na da tsauraran dokoki kan wanda zai buɗe shago da abin da zai ƙera. Shingayen kwastan tsakanin masarautu sun sa sayar da kaya a garin maƙwabta ya zama asara. A tsakiyar shekarun 1840 cuta ta kama dankali, abinci ya yi tsada. Sai kuma juyin juya halin 1848, wanda aka murƙushe, kasuwa ta ƙara mutuwa. Mutumin da ke neman abin da zai ci ba ya sayen piyano.

Iyalin ba su tashi gaba ɗaya ba. A 1849 suka fara tura ɗansu Karl ya je ya ga yadda New York take. Da ya aiko da labari mai daɗi, sai a 1850 Heinrich, yana da shekara 53, ya kwashi matarsa da sauran 'ya'yansa suka shiga jirgin ruwa a Hamburg. Babban ɗansa Theodor ne kaɗai ya zauna ya ci gaba da sana'ar a gida.

Birnin da suka tarar cike yake da 'yan ƙasarsu. Akwai unguwa guda a Manhattan da ake kira Kleindeutschland, ma'ana ƙaramar Jamus, inda ake ciniki da ibada da buga jaridu duk da Jamusanci. A tsakiyar shekarun 1850, in ka cire Berlin da Vienna, babu birnin da ya kai New York yawan masu jin Jamusanci a duniya.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne, uban da 'ya'yansa ba su buɗe shago nan take ba. Kusan shekara uku suka yi suna aikin albashi a masana'antun wasu, suna koyon Turanci da yadda Amurkawa ke ciniki da irin piyanon da suke so. Mutumin da ya yi shekaru yana maigidan kansa ya koma yaron wani. Sannu ba ta hana zuwa.

Lamba 483 da sabon suna

Ranar 5 ga Maris, 1853 suka kafa kamfaninsu a wani ɗakin sama da suka kama haya a titin Varick. Piyanon farko da ya fito daga ɗakin ba a sa masa lamba 1 ba. Lamba 483 aka ba shi, domin a lissafin gidan, Heinrich ya riga ya ƙera 482 a Jamus. Da wannan lamba yake shaida wa masu saye cewa shi ba sabon shiga ba ne, ƙasa kawai ya sauya. An sayar da piyanon ga wani iyali na New York a kan Dala 500. Yau yana gidan adana kayan tarihi na garin Seesen, wato ya koma garin da maƙerinsa ya baro.

Sunan gidan ma wani abin gado ne da aka yi wa kwaskwarima. A Jamusanci Steinweg na nufin hanyar dutse. Suka bar rabin farko yadda yake, suka mayar da rabin ƙarshe Turanci, ya zama Steinway. Heinrich ya koma Henry, Karl ya koma Charles, Wilhelm ya koma William. Da sabon sunan aka buɗe kamfani tun 1853, amma sai a 1864 uban ya sauya nasa a hukumance. Duk wanda ya dubi sunan da kyau zai ga tarihin gidan a cikinsa, rabi Jamus rabi Amurka.

Kasuwa ta buɗe da sauri. A 1855 suka ci lambar zinare a wani babban bajekoli a New York. A 1859 Henry ƙarami ya sami takardar mallakar fasaha kan wata sabuwar hanyar jera tsirkiyoyi, inda masu kaurin murya ke gittawa ta saman sauran. Kusan duk babban piyanon da ake ƙerawa a duniya yau haka ake jera shi. A 1860 suka buɗe katafariyar masana'anta a Manhattan, a 1867 kuma suka ci lambar zinare a bajekolin duniya na Paris.

Wasiƙun da suka riƙa tsallaka teku

Shekara 15 Theodor ya yi a Jamus 'yan'uwansa na Amurka. Babu tarho, babu intanet. Wasiƙa kan yi makonni a jirgin ruwa kafin ta isa. Suka riƙa rubuta wa juna da Jamusanci, suna musayar labarin gida da dabarun aiki: wane katako ya fi, yaya za a ƙarfafa ƙarfen ciki, nawa ake biyan ma'aikaci. An adana da yawa daga cikin wasiƙun, kuma su ne ke nuna cewa rayuwar baƙi ba ta kasance da sauƙi ba. A ɗaya daga cikin na farko-farko, Charles ya shawarci wansa da kada ya taso in har yana samun abin da zai riƙe kansa a gida, saboda aikin New York ya fi wahala kuma rashin lafiya na cinye kuɗi. Littattafan talla na kamfani ba za su taɓa faɗin haka ba. Sai a wasiƙar ƙane zuwa ga wa ake samun irin wannan gaskiya.

A watan Maris na 1865 gidan ya yi babban rashi biyu a wata ɗaya. Henry ƙarami ya rasu da tarin fuka, Charles kuma ya rasu da zazzaɓin taifod yayin wata ziyara a Jamus. Su ne ƙashin bayan aikin. Dole Theodor ya sayar da masana'antarsa ta Braunschweig ga ma'aikatansa uku, cikinsu har da Wilhelm Grotrian, ya taho New York. Wannan ciniki ya haifar da wani kamfani mai suna Grotrian-Steinweg, kuma rigimar wanda ke da ikon amfani da tsohon sunan gidan ta daɗe ƙwarai, har wata kotun Amurka ta yanke hukunci a kanta a 1975. Sunan da aka ajiye a gida ya zama abin shari'a bayan shekara 110.

Theodor bai taɓa sakin jiki da Amurka ba. Ya yi aiki tuƙuru, ya tara takardun mallakar fasaha sama da 40, cikinsu har da hanyar lanƙwasa jikin piyano daga dogayen sallayen katako da aka manne wuri guda. Amma zuciyarsa na gida. Ya taimaka aka buɗe reshe a Hamburg a 1880, ya koma Braunschweig, a can ya rasu a 1889. Tsofaffin kayan kiɗan da ya tara a rayuwarsa ya bar wa birnin, suna gidan adana kayan tarihinsa.

Kundin William

Cikin duk kayan gidan, babu wanda masana tarihi suka fi amfana da shi kamar kundin William. Yana ɗan shekara 15 aka zo da shi Amurka. Ranar 20 ga Afrilu, 1861, kwana takwas da ɓarkewar yaƙin basasar Amurka, kwana uku kuma kafin ɗaurin aurensa, ya ɗauki alƙalami ya fara rubuta abin da ya faru a yininsa. Bai daina ba sai a watan Nuwamba na 1896, 'yan makonni kafin rasuwarsa. Kusan shekara 36 ke nan, kundi tara, shafi kusan 2,500.

Ba dogon rubutu yake yi ba. Yawancin ranaku layuka kaɗan ne: yanayin gari, wanda ya gani, kuɗin da ya shigo, ciwon gaɓɓan da ya addabe shi, waƙar da suka rera a ƙungiyar mawaƙan Jamusawa ta Liederkranz. Da Turanci ya fi rubutawa, yana sako Jamusanci nan da can. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana yadda harshe ke sauyawa a gidan baƙi. Uba na tunani da harshen gida, ɗa na rubutu da harshen gari.

Amfanin kundin ya wuce gidan Steinway. A watan Yuli na 1863 tarzoma ta ɓarke a New York saboda dokar ɗaukar soja ta tilas, wadda ta ba mai kuɗi damar fansar kansa da Dala 300. Masu tarzoma suka ƙona gine-gine, suka far wa baƙaƙen fata, sama da mutum 100 suka mutu. William ya rubuta yadda gungun mutanen suka iso ƙofar masana'antarsu, da yadda ɗan'uwansa Charles tare da wani limamin cocin Katolika suka lallashe su, aka ba shugabanninsu kuɗi suka wuce. Littafin tarihi zai ba ka adadin matattu. Kundin ya ba ka abin da mutum ɗaya ya gani daga bakin ƙofarsa a ranar.

Haka ya rubuta mutuwar 'yan'uwansa, da rasuwar mahaifinsa a watan Fabrairu na 1871, da mutuwar aurensa na farko a 1876. Bai tsallake ranakun baƙin ciki ba.

Unguwar da ta ɗauki sunan gida

William ne ɗan kasuwar gidan. A 1866 ya buɗe zauren kiɗa na Steinway Hall mai ɗaukar mutum kusan 2,000, kuma duk mai shiga sai ya ratsa ta ɗakin da aka jera piyanon sayarwa. A 1872 ya ɗauki nauyin zuwan shahararren makaɗin Rasha Anton Rubinstein, wanda ya yi wasa sau 215 a garuruwan Amurka, duk a kan piyanon Steinway.

Daga 1870 ya fara sayen fili a Astoria, a tsallaken kogin East River, har ya kai kusan eka 400. Ya gina masana'anta da gidajen ma'aikata da ɗakin karatu da makarantar ƙananan yara, ya kuma biya malamin da zai koyar da Jamusanci da kiɗa. Har yau akwai titin Steinway a yankin Queens, masana'antar na nan tana aiki, kuma ramin jirgin ƙasa da ya fara haƙawa a ƙarƙashin kogin shi jirgin layi na 7 ke bi, ana kiransa da sunan gidan. A 1888 ya ƙulla yarjejeniya da Gottlieb Daimler don ƙera injina a Amurka. Suna ya tashi daga jikin piyano ya hau taswirar birni.

Jika mai tara kan sarki

Theodore E. Steinway, ɗan William, shi ya jagoranci kamfanin daga 1927 zuwa 1955. A Amurka aka haife shi, kuma shi ne mai son ajiye-ajiye a zuri'a ta uku. Ya shahara wajen tara kan sarki, har masu wannan sha'awa suka karrama shi. A 1953, lokacin da kamfanin ya cika shekara 100, ya fitar da littafi na hotuna da tarihin gidan mai suna People and Pianos.

Zamaninsa ya zo da jarrabawa. Yaƙin duniya na farko ya riga ya sa Amurkawa da yawa sun tsani duk abin da ya shafi Jamus, har jihohi da dama suka hana koyar da Jamusanci a makarantu, iyalai suka daina magana da shi a bainar jama'a. Sai karyewar tattalin arziki ta 1929, ga rediyo ya shigo gidaje, cinikin piyano ya faɗi warwas. A 1938 kamfanin ya ba Fadar White House piyanonsa na 300,000, wanda ya maye gurbin na 100,000 da aka bayar a 1903.

Yaƙin duniya na biyu ya raba gidan biyu. Masana'antar New York ta koma ƙera sassan jiragen sama marasa inji na ɗaukar sojojin Amurka, da wasu ƙananan piyano masu launin kayan soja da aka riƙa kai wa dakarun a fagen daga. Reshen Hamburg kuwa yana ƙarƙashin gwamnatin Hitler, an ƙwace katakonsa don aikin yaƙi, daga baya bama-baman ƙawayen Amurka suka kusa rushe shi. 'Ya'yan Theodore sun sa kakin sojan Amurka. Tattaɓa-kunnen mutumin Seesen na yaƙi da ƙasar da ya baro. Bayan yaƙi aka sake gina Hamburg, kuma har yau daga masana'antun nan biyu piyanon Steinway ke fitowa.

Wanda ya sayar, wanda ya adana

Henry Ziegler Steinway, wanda aka haifa a 1915, tattaɓa-kunnen Heinrich ne. Ya karɓi ragama a 1955. A lokacin magada sun yi yawa, masu sha'awar aikin a cikinsu sun yi ƙaranci, ga kamfanonin Japan irin su Yamaha sun shigo kasuwa da ƙarfi. A 1972 ya sayar da kamfanin ga CBS. Bayan shekara 119, sana'ar ta fita daga hannun iyali. Ta sake sauya hannu sau da dama, har attajiri John Paulson ya saye ta a 2013.

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, don haka wani zai ce Henry ya saki gado. Amma shi ne ya yi abin da ya sa muke iya rubuta wannan shafi. Ya tattara takardun kamfani da wasiƙu da hotuna, aka kai su ma'ajiyar tarihi ta kwalejin LaGuardia da ke Queens, inda kowane ɗalibi zai iya neman gani. A 1996, shekara 100 cif da rasuwar kakansa William, ya miƙa kundin nan tara ga gidan tarihin Amurka na Smithsonian da ke Washington. Masu aikin sa kai sama da 100 suka shafe shekaru suna kwafe rubutun, suna binciko ko wane ne kowane mutum da aka ambata. A ƙarshen 2010 aka sa kundin a intanet. Henry bai ga wannan rana ba, ya rasu a 2008 yana da shekara 93, shi ne na ƙarshe a gidan da ya shugabanci kamfanin.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Abin da ke cikin akwatin mutum ɗaya, gobara ɗaya ko rabon gado ɗaya ya ishe shi. Abin da aka kai ma'ajiya aka kwafa, ya fi ƙarfin wannan.

Abin da kayan gado ba sa faɗa

Kada mu ɗauka cewa kayan gado na faɗin komai. Wanda ya adana shi ke zaɓar abin da za a gani. Kundin William muryar maigida ce. Ya rubuta yajin aikin da ma'aikatansa suka yi, ciki har da na 1872 na neman a rage aiki zuwa awa takwas, amma daga kujerarsa ya kalli abin. Shi da kansa ya faɗa cewa ɗaya daga dalilan komawa Astoria shi ne nisanta ma'aikatansa da masu zuga yajin aiki. Kafintocin da suka lanƙwasa katakon ba su bar kundi tara ba.

Matan gidan ma ba a jin su sosai. Sunan kamfanin ya ambaci uba da 'ya'yansa maza ne kawai, alhali babbar 'yarsa Doretta ta taimaka wajen sayar da kaya tun farko, kuma ɗanta Henry Ziegler ya zama jigo a sashen ƙirƙira.

Akwai kuma abin da ya taɓa nahiyarmu. Fararen madannan piyano na wancan zamani da hauren giwa ake lulluɓe su, kuma mafi yawansa daga gabashin Afirka ake kwasowa, ta tashoshi irin su Zanzibar, a kai masana'antun jihar Connecticut a yanka. An kashe giwaye masu ɗimbin yawa saboda wannan kasuwa, kuma an sha ɗora wa bayi ɗaukar hauren daga cikin ƙasa zuwa bakin teku. Daga baya masu ƙera piyano suka koma roba, a 1989 kuma aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe. Idan ka ga tsohon piyano a gidan tarihi, wannan ma na cikin labarinsa, ko da takardar da ke jikinsa ba ta faɗa ba.

Saura namu

Iyalin Steinway masu kuɗi ne, amma abin da ya riƙe tarihinsu bai buƙaci kuɗi mai yawa ba. Takarda ce da alƙalami da naci. William bai san cewa wata rana ɗalibi a wata nahiya zai karanta abin da ya rubuta ba. Layi uku yake yi ya rufe littafi.

Kusan kowane gida a cikinmu yana da irin waɗannan kaya: tsohon hoto marar launi, takardar shaidar gama makaranta ta kaka, fasfon tafiya, kwanukan jere, takobi, wasiƙar da aka rubuta da ajami, ko akwatin ƙarfe da ba a buɗe ba tun rasuwar mai shi. Ga abin da muke ba ƙannenmu shawara a hutun nan. Ku nemi izinin manya kafin ku taɓa komai. Ku zauna da kaka ko wani dattijo na gida ku tambaye shi: na wane ne wannan, daga ina ya zo, a wace shekara? Ku rubuta amsar a littafi na musamman, ku sa ranar da aka faɗa muku da sunan wanda ya faɗa. In akwai waya a gida, ku ɗauki hoton kayan, ku naɗi muryar mai ba da labarin, ku tura wa 'yan'uwa biyu ko uku domin kada ya tsaya a wuri ɗaya. Sunayen mutanen da ke cikin hoto, ku rubuta su a bayansa da fensir, domin biro na ɓata takarda. Takardu kuma a nisanta su da laima da gara da hasken rana.

Kada ku manta da tambayar waɗanda ba a cika tambaya ba, wato iyaye mata da kakanni mata da barorin gida na da. Sau da yawa su ne suka san abin da ba a rubuta ba. Wanda kuma yake da sauran shafuka a tsohon littafin makaranta, zai iya fara nasa kundin a daren yau: kwanan wata a sama, layi uku a ƙasa.